Fuska A Bangon Zaure

Mai shela ya wuce ta ƙofar gidansu da hantsi, ranar Lahadi, ana tsakiyar cin kasuwar Jibiya. Yana faɗa cewa motar majigi ta En'e ta iso daga Katsina, yau bayan lisha za a haska a filin makaranta, kowa ya fito.

Salmatu tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta tsayar da rariyar. Daga inda take tana jiyo mijinta Kalilu a rumfarsa ta gyaran keke, jikin katangar gida. Tun safe yake buga guduma. Da mai shela ya gama magana sai gudumar ta yi shiru.

Wannan shirun ta fi tsoro.

Shekara huɗu ke nan da aurensu, kuma igiya ɗaya ce ta rage.

Kalilu a Kano ya fara ganin silima, lokacin da suka je cin rani shi da amininsa Ummaru, yayan Salmatu. Shi ya zauna wurin wani makanike yana koyon inji, Ummaru kuwa ya shiga ɗaukar buhu a wajen dalar gyaɗa. Kalilu ne ya fara jan hannun Ummaru zuwa gidan kallo. Ranar da gidan ya kama wuta, zazzaɓi ya kwantar da Kalilu, Ummaru ya tafi shi kaɗai. Ba a gane gawarsa ba. Kalilu ya ɗauko akwatinsa ya kawo Gangara, ƙauyen su Ummaru, ya ajiye a gaban mahaifin mamacin, Malam Lado. A zaman makokin ma ba kowa ya zo ba, don wasu cewa suka yi wanda ya mutu a irin wannan wuri ba a yi masa salla.

Malam Lado ya so ya haɗa Salmatu da ɗan ƙanensa Maharazu, mai fataucin gyaɗa da atamfa tsakanin Jibiya da Maraɗi. Ita ta ce sai wanda ya kawo akwatin. Aka yi wata shida ana ja, tsohon ya gaji ya bari.

Ita a tsammaninta wanda ya rasa amini a gidan kallo ba zai ƙara waiwayarsa ba. Shi a tsammaninsa in an kwana biyu za ta gane cewa wuta daban, hoto daban. Dukansu sun yi kuskure.

In ya dawo daga majigi bakinsa cike yake da labari: jirgin ruwa da ya fi unguwarsu girma, ƙanƙara tana zuba kamar auduga, wani mutum da ya faɗo daga tsani ya tashi yana kakkaɓe hula. Da ya fara sai ta miƙe ta tafi wanke kwanon da ta riga ta wanke. Wata rana ya biyo ta har bakin randa yana ci gaba, ta juyo ta ce masa a kunnenta duk labarin nan ƙauri yake. A wannan faɗan igiya ta farko ta tafi.

Ta biyu ta fi ciwo. Ya hau keke ya tafi Maraɗi ganin sinima, ya ce kwana ɗaya. Ya yi uku. Ya dawo ya tarar an binne ɗiyarsu Khadijatu, 'yar wata takwas. Salmatu ba ta yi masa kuka ba, takarda ta nema, ya rubuta ya ba ta.

Sau uku yana zuwa biko Gangara. A na ukun Malam Lado ya tara shaidu a zaurensa, ya ce ba zai hana ta komawa ba tunda tana so, amma sai Kalilu ya ɗaura wa kansa sharaɗi. Kalilu ya ce da bakinsa, in ya ƙara tsayawa kallon majigi ko silima, igiyar da ta rage ta tsinke. Tsohon ya gargaɗe shi cewa irin wannan magana ba ta jiran alƙali, ranar da ya kalla ranar ta faɗa, ko da kowa bai gani ba. Kalilu ya maimaita.

Shekara ɗaya da rabi ya riƙe. Duk ranar da mota ta zo sai ya rufe rumfa ya tafi Bugaje wurin gwaggonsa, sai ta bar gari ya dawo.

Yau ma ya shigo ya ɗauki rigarsa. Salmatu ta ƙulle masa ƙuli-ƙuli a tsumma, ba wanda ya ambaci dalilin tafiyar. Yana fito da keke sai ga dogari a ƙofar gida. Ya ce injin wutar majigi ya ƙi tashi tun a hanya, hakimi ya riga ya sa an yi shela, kuma duk Jibiya ba mai taɓa inji sai Kalilu. Kalilu ya ce yana da uzuri. Dogarin ya ce to ya zo ya faɗa wa hakimi uzurin da bakinsa.

Salmatu tana bayan ƙyaure tana ji.

"Inji kawai, Malam," ta ce a hankali. "Ka gyara ka fito."

"Inji kawai."

An ajiye motar a kusa da shingen kwastan, gaban wani tsohon zaure da ake tara kayan da aka kama. Mai haska majigin, Ɗantala, tsohon sani ne, tun Kano. Yana ganin Kalilu sai ya fashe da dariya, ya ce ashe tuban nan da ake labari gaskiya ne, har goshi ya yi baƙi. Kalilu ya ajiye jakar sifanunsa. Ya durƙusa ya kwance fulogi, ya kankare, ya busa bututun mai, ya tarar da yashi a ciki. Kafin rana ta take tsaka inji ya tashi.

Ya fara tattara sifanunsa.

Ɗantala ya ce ai ba a gama ba, sai an ga ko wutar tana riƙe fitila, kada a tara jama'a a ji kunya. Ya ja waya cikin zauren, ya saki buhu a bakin ƙofa don duhu, ya ce Kalilu ya tsaya kusa da majigin ya saurari ƙararsa, in wuta tana rawa zai ji. Kalilu ya shiga, ya juya wa bango baya, ya kafa idonsa a ƙasa.

Faifan ya fara juyawa. Haske ya wuce ta saman kafaɗarsa, ƙwari suna yawo a ciki. Wannan ƙarar, kamar keken ɗinki a ɗakin maƙwabci, shekara ɗaya da rabi bai ji ta ba. Ya fara karanta ƙulhuwallahu a zuci.

"Tsohon fim ne, na gyaɗa," in ji Ɗantala. "Ya gaji har ya fara tsagewa. Dalar Kano ce, lokacinmu. Kai, ga wajen mai kunun nan ma, ka tuna ta?"

Kalilu ya tuna wani abu dabam. Wata rana Ummaru ya dawo masauki yana fahariya, ya ce Turawa sun zo da akwati mai ƙafa uku sun ɗauke su suna hawan dala, shi har dariya ya yi musu. Shekara da shekaru Kalilu yana duba fuskokin lebura a kowane majigi, bai taɓa faɗa wa kowa ba. Amma ko a ransa bai yarda wannan ne kaɗai ke kai shi ba. Yana son abin. Ya san yana so.

Ba wanda ya riƙe masa wuya. Shi ya juya.

Buhuna ne jere har sama. Mutane suna hawa ɗaya bayan ɗaya. Na huɗu ya tsaya a tsakiyar hawa, buhu a ka, ya waiwayo, ya yi dariya, ga giɓin haƙorin nan na gefen hagu. Sai hoto ya koma kan jirgin ƙasa.

"Mayar," in ji Kalilu.

"Me?"

"Mayar da shi baya, don Allah."

Sau uku Ɗantala yana mayarwa. A na ukun ya daina dariya, don ya gane fuskar. Ya kashe majigin, zauren ya yi duhu, suka ji buhun ƙofa ya motsa. Da suka fito sai ga Maharazu tsaye jikin kamyonsa, babbar motarsa ta ɗaukar kaya, yana jiran 'yan kwastan su gama duba kaya. Ya ɗaga wa Kalilu hannu da fara'a, ya ce sannu da aiki, angon Salmatu, aiki ya yi kyau har cikin ɗaki.

Ɗantala ya ja Kalilu gefe. Ya ce mutumin nan bai ga komai ba sai haske, daga waje ba a gane wanda ya juya da wanda bai juya ba. In ana son shaida shi zai ce kan Kalilu yana ƙasa tun shigarsa har fitarsa.

Kalilu ya ce ya gode, ya ɗauki jakar sifanu.

Ya tarar da labari ya riga shi gida. Ranar kasuwa ce, Malam Lado da matarsa Inna Hajo sun shigo gari da safe, Maharazu ya same su a rumfar masu gishiri. Tsohon ya aiko cewa bayan azahar yana nan zuwa.

Salmatu tana zaune bakin gado. Ba ta ɗago ba.

"An ce ka shiga zauren."

"Na shiga."

"Dogari ya kai ka. Ni shaida ce, da kunnena na ji. Baba ba azzalumi ba ne, ya san tilas. Ce mishi za ka yi aiki ka yi, shi ke nan."

"Salmatu, ki bari in..."

"Ban tambaye ka ba." Ta ɗago ta dube shi. "Ka lura, ban tambaye ka komi ba. Kada ka ba ni amsar abin da ban tambaya ba."

Ya zauna a ƙasa, jikin ƙofa. Ta share ido da bakin zane, hawayen suka sake cikawa. Ta ce ta san ba ta kyauta masa ba ita ma, shekara huɗu bai taɓa ƙarasa mata labari ɗaya ba, tana ganin yadda yake haɗiye magana kamar mai haɗiye magani. Ta ce in yana so daga yau ta riƙa zama tana ji, ko na jirgin ruwan ne, za ta daure. Ta ce uku ba irin biyu ba ce, babu biko, sai ta shiga ɗakin wani ta fito, kuma ya san wanda ke tsaye yana jira.

Sannan ta faɗa masa abin da take ɓoyo sai ya tabbata. Wata biyu ke nan ba ta ga al'ada ba.

Kalilu ya rufe fuskarsa da tafin hannu.

Abin da ke yawo a kansa bai da yawa, amma ba ya warwaruwa. In ya rantse bai kalla ba, gida ya tsaya, yaron ya tashi gaban ubansa. Amma igiyar ta riga ta faɗi tun a zaure. Zai kwana da matar da ba tasa ba, ita ba ta sani ba, ko ta sani ta yi shiru, ya ja ta cikin abin da bai gaya mata ba, kamar yadda ya ja yayanta. Kuma Ummaru zai zauna a cikinsa shi kaɗai har ya mutu, don ranar da ya ce ya gan shi, ranar ya tona kansa. Gobe da safe mota za ta wuce, faifan kuma ya kusa ƙarewa.

Aka kira azahar. Ya yi salla a tsakar gida, ya daɗe a sujada, bai samu abin da zai roƙa ba.

Malam Lado ya zo da liman na unguwa, da Maharazu a bayansu. Inna Hajo ta wuce ciki wurin ɗiyarta. Maza suka zauna a zaure, tsakaninsu da tsakar gida zana ce kawai, ana jin numfashin na bayanta.

Maharazu ya fara, ya ce shi ba ya son ɓata gidan kowa, Allah ya sani, amma jini ba ya bari ya ga abu ya yi shiru. Malam Lado ya ɗaga masa hannu, ya ce abin da ya gani haske ne a ƙarƙashin buhu, ya faɗa an ji, ya isa.

Ya juyo wurin Kalilu. Tsohon ya rame tun rabuwarsu, rawaninsa ya yi masa yawa. Ya ce ya tambayi dogari, ya tabbatar kai shi aka yi. Wanda hukuma ta sa aiki ba a kama shi da shiga ɗaki. Liman ya gyaɗa kai.

"Abu guda nika tambaya, kuma ba ni sa ka dafa Alƙur'ani. Maganarka ta ishe ni. Ka tsaya kallo, ko ba ka tsaya ba?"

Kalilu ya gane tsohon hanya yake buɗe masa, da faɗi, har yana kawar da ido don ya wuce. A bayan zana an daina motsi.

"Allah gafarta Malam, na kalla."

Liman ya yi gyaran murya, ya ce wataƙila ido ne ya faɗa, ai ido yana faɗawa ba da niyya ba.

"Ba faɗawa ya yi ba. Na juya da kaina. Na sa aka mayar sau uku."

Wani sauti ya fito daga bayan zana, gajere, kamar an taka mutum a ciki. Liman ya sunkuyar da kai ya yi salati. Ya ce to, magana ta ƙare, ba shi da abin da zai ƙara.

Malam Lado ya daɗe yana duban Kalilu. Da ya yi magana muryarsa ba ta da faɗa, gajiya ce kawai.

"Ka kashe mini ɗa da abin ga. Ka bar jikata ta mutu kana wurin abin ga. Na ba ka ɗiyata sau uku. Mi ke cikinshi, Kalilu? Ka gaya mini, ni tsoho ne, ban sani ba. Mi ka gani da ya fi ta?"

"Ummaru na gani."

Ummaru ɗan fari ne, tsohon bai taɓa kiran sunansa ba yana raye, bayan rasuwarsa kuma ba mai kira a gabansa.

Kalilu ya faɗa musu yadda aka yi, da akwatin Turawa mai ƙafa uku, da dalar, da mutum na huɗu. Bai ce wannan uzuri ba ne. Ya ce tun kafin ya ga fuskar ya riga ya juya, kuma da bai gan ta ba ma bai san ko zai iya mayar da kansa ba. Ya ce motar tana nan har gobe da safe, Ɗantala zai yarda ya haska musu a zaure su kaɗai, ba sai sun shiga taro ba.

Maharazu ya ce wannan wace irin magana ce, a kira malami kallon majigi. Ya ce shi kamyonsa yana nan, in an haɗa kayan Salmatu zai kai su Gangara kafin magariba. Malam Lado bai ko dube shi ba. Ya ce kayan ɗiyarsa jaki ya kawo su, jaki zai mayar. Maharazu ya ɗan zauna, ya ga ba mai kula shi, ya sa takalmi ya fita. Liman ya bi bayansa.

Suka rage su biyu. Tsohon yana jan carbi, ƙwayar ba ta wucewa.

"Ba ni zuwa," ya ce. Can kuma, yana duban ƙasa: "Yaron... ya rame?"

"Bai rame ba, Baba. Wuyansa ya cika. Buhun kamar ba komai a kansa."

Malam Lado ya gyaɗa kai sau biyu. Ya miƙe da ƙyar, ya ce zai je ya nemo jaki. A bakin ƙofa ya tsaya, bai waiwayo ba, ya ce Kalilu ya san yanzu ba ya shiga ciki. Kalilu ya ce ya sani.

Ya zauna shi kaɗai a zauren gidansa kamar baƙo. Yana jin Inna Hajo tana kuka ƙasa-ƙasa tana haɗa kwanoni, murfi yana faɗuwa tana ɗauka. Daga nesa, wajen shinge, injin da ya gyara yana ta aiki, bai ko tari ba.

Zana ta motsa. Ya ga inuwarta ta zauna daga can ɓangaren, dab da shi, kaurin kara ɗaya tsakaninsu.

"Da ka yi ƙarya, Malam," ta ce. Muryar ta dushe. "Wallahi da na yarda. Da na riƙe maka ita har kabarina."

"Na sani."

"Ka zaɓi ka zama mai gaskiya, ni ka bar ni da ciki."

Ya ce mata ko yanzu in tana so ya je ya gaya wa Ɗantala, ita da Inna, ba wanda zai gan su.

"A'a. Ba ni iya ganinshi cikin abin da ya cinye shi."

Ƙarar kwanoni ta tsaya, Inna Hajo ta matso.

"Wace riga ya sa?" in ji Salmatu.

"'Yar shara. Mai aljihu a ƙirji."

"Ni na ɗinke aljihun nan, ya yage ranar da za ku tafi." Ta ja numfashi. "Faɗa mini. Daga farko. Kada ka yi sauri."

Shekara huɗu yana jiran ta ce haka. Ya ce buhuna ne jere har sama, rana ta take, mutane suna hawa ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya wuce, na biyu, na uku. Na huɗu ya tsaya, ya waiwayo.

A waje aka ji takun jaki ya tsaya a ƙofar gida, da muryar Malam Lado yana sallama.

"Ya waiwayo," in ji Salmatu. "Sai me?"

"Sai ya yi dariya. Shi ke nan, Salmatu. Iyakarsa ke nan."

"Mayar," ta ce. "Sake faɗa."